Nas ɗin soja da aikin duba jiki: abin da hannu da ido ke ganowa kafin a kai ga na'ura

Duk lokacin da aka tayar da maganar lafiyar sojojinmu abin da mutane ke fara kawowa shi ne kayan aiki, babu sikanin, babu motar asibiti mai kyau, babu isassun jiragen kwashe waɗanda suka ji rauni, kuma gaskiya ne ana buƙatar duk waɗannan, ba na musu ko kaɗan. Amma akwai wani abu da ba a cika zancensa ba alhali shi ne farkon abin da ke tarar sojan da ya faɗi, wato iya duba jikin mutum da ido da hannu da kunne a gane me ke faruwa a cikinsa. Kuma wanda wannan nauyin ke faɗowa kansa a sansanonin gaba yawanci ba likita ba ne, nas ne mai kaki ko wani ma'aikacin lafiya da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa nake ganin ya kamata mu zauna mu warware maganar da kyau.

Duba jiki a aikin asibiti hawa huɗu ne. Ka kalli mutum da idonka, ka lalluba da hannu, ka ƙwanƙwasa da yatsa, sannan ka sa abin sauraron ƙirji ka saurara. Haka ake bi a jere, sai wurin duba ciki ne kawai ake sauya tsarin, a kalla, a saurara, sannan a ƙwanƙwasa a danna, saboda in ka fara dannawa za ka iya motsa hanji ka canza ƙarar da kake son ji. Ƙwanƙwasawar nan wani likita ne a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Leopold Auenbrugger, ya rubuta bayaninta a 1761, kuma kusan daidai take da yadda kake buga jarka da yatsa ka gane inda ruwa ya tsaya a ciki ba tare da ka buɗe ba, wurin da iska take ƙararsa daban, wurin da ruwa ko jini ya taru ƙararsa a dushe. Abin sauraron ƙirji kuma René Laennec ne ya ƙirƙiro shi a Faris a 1816. Kun ga kenan duk tsofaffin dabaru ne da suka girmi wutar lantarki a asibiti, ba sa neman batir ba sa neman janareto, kuma wannan ne ma ya sa suka fi komai dacewa da inda soja yake aiki.

To me ya bambanta nas ɗin soja da nas ɗin asibitin gari? A asibitin koyarwa in nas ta ga mara lafiya ya canza za ta kira likitan da ke duti, a aika jini ɗakin gwaji, a tura shi ɗaukar hoto, akwai mutane a sama da ita da a gefenta. Nas ɗin da ke sansani a Baga ko Damasak ko Malam Fatori shi ne ɗakin gwajin shi ne ɗakin hoton, kuma shi ne zai ɗaga rediyo ya ce wannan sai an ɗauke shi yanzu, wancan zai iya jira zuwa safe. Daga Baga zuwa Maiduguri inda babban asibitin Runduna ta 7 yake kusan kilomita 200 ne, a hanyar da ba a binta sai da ayari da rakiya saboda bam ɗin da ake binnewa, jirgi mai saukar ungulu kuma ba kullum yake samuwa ba, ga dare ga ƙurar hunturu da ke hana shi tashi. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ma'auni ga dakarunta na kiyaye zaman lafiya, taimakon farko cikin minti 10, kulawar ƙwararru cikin awa 1, tiyatar ceton rai cikin awa 2. Amurka ma a 2009 sakataren tsaronta Robert Gates ya ba da umarnin a riƙa kai sojan da ya ji mummunan rauni a Afganistan asibitin tiyata cikin awa ɗaya, suka zuba jirage don haka. A yankin tafkin Chadi ko dazukan Zamfara ko iyakar Nijar da Mali wannan awa ɗayan sau da yawa takan zama wuni guda, kuma a duk tsawon wunin nan ba abin da ke tsakanin sojan da mutuwa sai Allah sai wanda ke zaune a kansa yana dubawa.

Akwai wani bincike da kowa a wannan fanni ya san shi, na Brian Eastridge da abokan aikinsa da ya fito a 2012. Sun bi bayanan sojojin Amurka 4,596 da suka mutu a fagen daga a Iraƙi da Afganistan tsakanin 2001 da 2011, suka tarar kusan kashi 87 cikin 100 sun rasu ne tun kafin a kai su asibiti, a cikin waɗannan kuma kusan kashi 24 rauninsu irin wanda da an yi abin da ya dace za a iya tsira ne, kuma sama da kashi 90 na waɗannan zubar jini ce ta kashe su. Wannan fa rundunar da ta fi kowa jirage da kuɗi kenan. Ma'ana dai yawancin abin da zai faru ga soja yana faruwa ne a hannun mutanen farko, kafin babban likita ya taɓa ganin fuskarsa.

Yanzu ga inda abin yake da wuya, kuma nan nake so a tsaya sosai. Jikin matashin soja mai ƙarfi yana ɓoye ciwo. Babban mutum yana da jini kusan lita 5 a jikinsa, kuma yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai da ya saba gudu da kaya a baya zai iya zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na jinin nan awon hawan jininsa bai faɗi ba, saboda jijiyoyinsa suna tsukewa zuciya tana ƙara gudu tana cike giɓin. Nas ɗin da ya dogara da na'urar awo kawai zai ga lamba mai kyau ya ce alhamdulillahi ya juya ga na gaba, bayan rabin awa a kira shi a ce wancan ya daina magana. A ce motar sintiri ta taka nakiya, an sauko da wani kofur yana tafiya da ƙafarsa, ba jini a rigarsa, yana ma cewa a duba abokinsa tukuna shi lafiyarsa ƙalau. Nas ɗin da ya ƙware zai kama hannunsa kamar gaisawa ya ji tafin ya yi sanyi da danshi, ya sa yatsu biyu a wuyan hannu ya ji bugun yana sauri amma siriri, ya danna farce ya ga jinin bai dawo ba sai bayan fiye da daƙiƙa 2, ya lura mutumin yana ta neman ruwan sha yana maimaita tambaya ɗaya, sannan ya kwantar da shi ya ɗaga rigar ya ga ɗan shatin bugu a ƙasan haƙarƙarin hagu, ya danna ciki a hankali ya ji ya ɗaure, in kuma ya tambaye shi sai ya ce kafaɗarsa ta hagu ma tana masa ciwo alhali ba abin da ya bugi kafaɗar. Saifa ce ta fashe jini na taruwa a ciki. Duk wannan bai kai minti biyu ba, kuma shi ne zai sa a ɗora kofur ɗin nan a jirgin farko a bar wanda ke ihu da karyayyen hannu ya jira na biyu. Ciki da ƙirji da ƙugu da cinya duk wurare ne da jini ke ɓuya, ƙashin cinya kaɗai in ya karye zai iya shanye fiye da lita ɗaya ba a ga ɗigo a ƙasa ba.

Tsarin da ake koyarwa yanzu a rundunoni da yawa ya samo asali ne bayan faɗan Mogadishu na 1993, inda Amurkawa suka gane cewa abin da ake koya wa ma'aikatan motar asibiti na gari bai dace da inda ake harbi ba. A 1996 wani likitan sojan ruwa, Frank Butler, da abokan aikinsa suka fitar da tsarin kula da mai rauni a fagen daga da aka fi sani da TCCC, daga baya aka jera matakan dubawa da ake kira MARCH, a fara da jinin da ke kwarara, sai hanyar iska, sai numfashi, sai zagayen jini, sai raunin kai da kare jiki daga sanyi. A da ana farawa ne da hanyar iska, aka mayar da jini gaba saboda babbar jijiyar cinya in ta tsinke mutum zai iya ƙarewa cikin 'yan mintoci. Kuma neman jinin da hannu ake yi, nas ya sa safar hannu ya bi wuya, hammata, matsematsi, bayan gwiwa, ya zura hannu ƙarƙashin baya da ɗuwawu yana fiddowa yana duba safar, dole kuma a juya mutum a ga bayansa domin harsashi yana shiga ta ƙaramar kafa ya fita ta babba, ɓaraguzan bam kuma suna shiga inda ba a zato. Kunya tana kashe mutane a nan wallahi, soja zai ɓoye raunin da ke kusa da gabansa, nas ɗin ma ya ji nauyin yanke wando, musamman in mace ce take duba namiji ko namiji ke duba mace, ko kuma wanda ya ji raunin hafsa ne babba. Wannan abu ne da tirenin ya kamata ya fuskanta kai tsaye, a koya yadda ake suturta mutum da bargo ana buɗe wuri ɗaya bayan ɗaya, a samu mutum na uku a tsaye in da hali, amma ba a tsallake wurin ba.

Maganar sanyi kada ta ba kowa mamaki wai a ƙasar zafi. Wanda ya zubar da jini jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi, in aka yanke masa kaya aka bar shi a bayan mota iska na dukansa da daren hunturu, jininsa zai daina daskarewa yadda ya kamata, zubar ta ƙaru. Taɓa fatar ƙirji da bayan hannu da rufe mutum bayan an gama duba shi duk cikin aikin ne.

Sai ƙirji, wanda shi ne ke nuna iyakar abin da aka koya a aji. A makaranta ana koya maka ka sa abin sauraro ka kwatanta dama da hagu a ɗaki shiru. A cikin mota mai sulke tana gudu ko cikin helikwafta ba abin da za ka ji sai ƙarar inji. In iska ta tsere daga huhun da ya huje ta taru a cikin ƙirji tana matse huhu da zuciya, mutum zai iya mutuwa nan take, maganinsa na gaggawa kuma allura ce doguwa da ake sokawa tsakanin haƙarƙari iskar ta fita. To ta yaya za ka gane ba tare da kunne ba? Ka ɗora tafukanka biyu a ƙirjin ka ji wane gefe ne ba ya ɗagawa, ka kalli yadda numfashin ke ƙara wuya minti bayan minti, ka shafa fatar ka ji ko tana ƙaras ƙaras saboda iskar da ta shiga ƙarƙashinta, ka haɗa da bugun jini da ke ƙara gudu. Ɗalibai da yawa sun haddace cewa maƙogwaro yana karkacewa gefe, e yana yi, amma alama ce ta ƙarshe ƙarshe, wanda ya zauna jiran ta ya makara. Da dare kuma a wurin da kunna tocila zai iya jawo harbi, hannu ne kawai ya rage maka, ko ɗan haske ja a ƙarƙashin bargo, shi kuma jan haske yana ɓoye launin jini.

Wani abin da ke ci min rai shi ne maganar launin fata. Yawancin littattafan da ake karantawa a makarantun jinya an rubuta su ne da farar fata a zuciya, za a ce maka mara lafiya zai yi fari fat in jini ya ƙare, leɓensa zai yi shuɗi in iska ta yi masa kaɗan, wurin kumburi zai yi ja. Sojanmu baƙi ne, waɗannan alamun ba sa fitowa haka a jikinsa. Sai ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka leƙa ciki, ka sa ya fito da harshe, ka duba dasashi da tafin hannu da ƙasan farce, fuskar kuma ba fari take yi ba, wani irin toka toka take yi wanda sai idon da ya saba yake kamawa. Shatin bugu ma a baƙar fata sau da yawa yatsa ne ke jin sa kafin ido ya gan shi, wurin ya yi tauri ko ɗumi. Kada ma a ce ai akwai 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan iskar da ke cikin jini, domin binciken da aka yi a Jami'ar Mishigan aka buga a 2020 ya nuna cewa tana kuskuren nuna lamba mai kyau alhali iskar ta yi ƙasa kusan ninki uku a baƙaƙen fata in aka kwatanta da farare, ga shi kuma in yatsa ya yi sanyi ko jini ya ja baya ba ta ma karantawa daidai. Don haka mu ne muka fi kowa buƙatar ido da hannu, kuma malaman jinyarmu ne ya kamata su tara hotunan alamun cuta a fatar mutanenmu su koyar da su, ba su jira wani ya kawo daga waje ba.

Kai kuma fa, wato raunin ƙwaƙwalwa. Akwai ma'aunin Gilasgo da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974, ana duba buɗe ido da magana da motsi a ba da maki daga 3 zuwa 15, sannan a haska ƙwayar ido a ga ko duka biyun suna tsukewa daidai. Amfaninsa ba a awo ɗaya yake ba, a maimaitawa yake. Akwai irin zubar jinin da ke taruwa tsakanin ƙoƙon kai da rufin ƙwaƙwalwa, mutum ya suma ya farfaɗo ya yi hira har ya ci abinci, bayan wasu awanni ya fara barci mai nauyi ƙwayar ido ɗaya ta buɗe. Wanda ya auna 15 da azahar ya auna 13 da la'asar ya rubuta, shi ne zai kama shi. Haka ma maɗaurin tsayar da jini da ake ɗaurawa a hannu ko ƙafa, ba a ɗaurawa a manta, a rubuta lokacin a jikinsa, a sake dubawa duk sanda aka motsa mutum domin yana sassautawa, a kuma tantance ko raunin ma ya cancanci maɗaurin tun farko, saboda ƙasa da awa 2 yawanci ba ya ɓarna amma in ya daɗe sosai gaɓar tana mutuwa. Likitoci a yaƙin Yukiren sun yi ta kokawa kan wannan, an ɗaura wa mutane a raunin da bandeji zai isa, kwashewa ta yi jinkiri, aka ƙare da yanke ƙafa. Yanayinsu na jinkirin kwashewa ya fi kama da namu fiye da na Amurkawa a Afganistan.

Kuma kada a ɗauka duk aikin na harsashi ne, yawancin waɗanda nas ɗin soja ke gani ciwo ne ya kawo su ba rauni ba. Zazzaɓi a Arewa kowa maleriya yake cewa, a ba da magani a sallama, amma daga hunturu zuwa bazara lokacin sanƙarau ne, bariki kuma wuri ne da mutane ke kwana a cunkushe, daƙiƙa nawa zai ɗauka ka sa hannu a ƙeyar mai zazzaɓi ka lanƙwasa wuyansa ka ga ko haɓa za ta taɓa ƙirji? Kurtun da ya faɗi a gudu a Zariya ko sojan da ya rikice a zafin Afrilu na Borno, inda rana ke wuce digiri 40, bambancin gajiyar zafi da bugun zafi mai kisa yana cikin hankalinsa ne, in ya fara sambatu ko faɗa ko tangaɗi to a fara sanyaya shi da ruwa nan take kafin ma a nemi mota. Ga masu ɗauke da AS, wato rabin gadon sikila, waɗanda a Najeriya kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu, akasarinsu lafiya lau suke aikinsu amma wahala mai tsanani da ƙishirwa tana iya kayar da wasunsu ta hanyar da ke kama da raki, mutum idonsa biyu yana magana amma ƙafafu sun ƙi. Ga saran kububuwa a daji, wanda alamarsa ke fitowa a dasashi yana tsattsafar jini, gwajinsa kuma a zuba ɗan jini a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a ajiye minti 20 a ga ko ya daskare, irin yadda ake yi a asibitin Kaltungo da ya shahara da wannan aiki. Ba ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura mai tsada.

To ina matsalar tirenin take? Nas ɗin soja a Najeriya nas ne cikakke mai lasisin hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa kamar kowa, wasu sun fito daga kwalejin jinya ta sojan ƙasa da ke Yaba a Legas ko ta sojan sama da ke Kaduna, wasu kuma sun gama jami'a ne suka shigo ta gajeren kwas na hafsoshi, kuma manyan asibitocin soja irin 44 na Kaduna da 68 na Yaba suna da ƙwararru da marasa lafiya iri iri da za a koya a kansu. Ba ilimi ne babu ba. Matsalar da aka gano a ƙasashe da yawa ita ce ana koyar da abu da yawa a yi amfani da kaɗan. Wata malamar jinya a Amurka, Jean Giddens, ta yi bincike a 2007 ta jera dabarun duba jiki 126 da ake koyarwa, ta tarar 30 kawai ma'aikatan jinya ke yi a kai a kai, yawancinsu ma na kallo ne da lura. Sauran ana karanta su don jarrabawa, hannu bai saba ba, bayan shekara biyu sun tafi. A asibitin gari wannan ba lallai ya yi kisa ba tunda akwai likita kusa, amma nas ɗin soja dabarun da ya bari suka yi tsatsa su ne daidai waɗanda zai nema ranar da aka tura shi gaba, ƙwanƙwasa ƙirji, danna ciki, duba jijiyoyin gaɓar da ta karye.

Ka duba yadda rayuwar aikin take. Mutum zai yi shekaru a MRS, wato ƙaramin asibitin bariki, yana ganin matan sojoji da yaransu, awon ciki, rigakafi, tari da mura, layi ya yi tsawo, kati ya taru, a tambayi mutum me ke damunka a rubuta magani ba a ko taɓa shi ba. Ko ƙirga numfashi, wanda shi ne alamar da ta fi saurin nuna mutum ya fara lalacewa, a asibitoci da yawa na duniya an san ana rubuta 18 ko 20 ne da ka ba tare da an tsaya an ƙirga minti ɗaya cur ba, alhali babba mai lafiya tsakanin 12 da 20 yake yi, wanda ya kai 28 yana kwance shiru yana gaya maka wani abu. Rana ɗaya sai sigina ta fito an tura wannan nas ɗin Operation Hadin Kai, wato fagen daga na Arewa maso Gabas, a yi masa kwas na 'yan makonni, a ce ya shirya. Kwas ɗin yana da amfani amma hannu ba ya koyon abu a mako biyu, kuma ba za ka gane cikin da ya ɗaure ba sai ka taɓa ɗaruruwan cikin da ke lafiya.

Sannan ga girma da muƙami, wanda farar hula ba su cika fahimtar nauyinsa ba. Soja ya taso a kan cewa kai ƙorafi gazawa ce, yana tsoron a ce yana gudun aiki, don haka zai ce ba komai oga alhali yana jin jiri. Wani kuma akasin haka, yana neman takardar hutu, wannan ya sa wasu ma'aikatan lafiya suka saba kallon duk mai zuwa da zargi. Maganin duka biyun ɗaya ne, a kwantar da mutum a duba shi, jiki ba ya bin umarnin kowa. Ta ɗaya ɓangaren kuma laftanal nas da ta ga alamar haɗari dole ta iya tsayawa gaban kwamandan da ya girme ta da muƙami uku ta ce ranka ya daɗe wannan yaron ba zai fita sintiri yau ba, ko a nemo jirgi yanzu, kuma abin da ke ba ta wannan ƙarfin shi ne ta zo da hujja a jere, bugun jini ya tashi daga 90 zuwa 120 cikin rabin awa, numfashi 26, ciki ya ɗaure ta hagu. Kwamanda yana gane lambobi da canji, abin da ba zai saya ba shi ne ina jin kamar ba shi da lafiya. Iya bayar da rahoto a rediyo cikin jimla huɗu ko biyar shi ma darasi ne da ya kamata a riƙa gwadawa kamar yadda ake gwada harbi.

A ganina gyaran ba ƙara shafuka a manhaja ba ne, rage su ne ma. A zaɓi dabaru kaɗan da ke raba rai da mutuwa a irin wuraren da ake tura mutanenmu, a maimaita su har su zama jiki, kuma a gwada su a yanayin gaske, da dare, cikin mota tana tafiya, da safar hannu, bayan an yi gudu da kaya, a jikin abokin aiki mai rai ba roba kaɗai ba. Irin jarrabawar nan ta tasha tasha da ake kira OSCE, wadda Ronald Harden ya ɓullo da ita a Dandi ta Sikotilan a 1975, inda ɗalibi ke yin abu da hannunsa malami na tsaye yana ba da maki, ta dace da wannan sosai, sai dai bai kamata ta tsaya a ranar kammala makaranta ba, soja yana sabunta gwajin harbi da na ƙarfin jiki, to me zai hana nas ɗinsa sabunta gwajin hannu duk shekara. A kuma riƙa juya ma'aikatan MRS zuwa sashen haɗari da gaggawa na manyan asibitoci, na soja ko na koyarwa irin na Maiduguri da Kano da Zariya, inda waɗanda suka yi haɗarin mota ke shigowa kullum, su yi wata guda suna taɓa marasa lafiya na gaske a gaban wanda zai gyara musu. 'Yar na'urar sikanin ta hannu da ake haɗawa da waya tana da kyau ƙwarai wajen gano jini a ciki da iska a ƙirji, ina goyon bayan a saya, amma wanda bai san inda saifa take da hannunsa ba ba zai san inda zai ɗora ta ba.

Akwai misalin da ke nuna abin yana yiwuwa. Rundunar Ranger ta 75 ta Amurka ta mayar da kula da mai rauni aikin kwamanda, ta koya wa kowane soja matakan farko, ta kuma riƙa rubuta kowane rauni da abin da aka yi masa tana bita. Binciken Russ Kotwal na 2011 ya duba mutanensu 419 da suka ji rauni, ba a samu ko ɗaya da ya mutu kafin asibiti da raunin da za a iya ceto ba. Rubutun nan shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin kwaikwaya kuma shi aka fi sakaci da shi, ɗan kati da ake ɗaura wa mai rauni, a rubuta abin da aka gani da ƙarfe nawa aka gani, ya bi shi har Maiduguri ko Kaduna, likitan tiyata ya buɗe ya ga me ke ciki, sannan a mayar wa nas ɗin da ke sansani labari cewa abin da ka zata saifa ce, ko kuwa a'a hanta ce, ga alamar da ta wuce ka. Yawancin ma'aikatan gaba suna ɗora mutum a mota ne shi ke nan ba su sake jin yadda ta kaya ba, kuma wannan saƙon na komawa baya ba ya cin kuɗin jirgi ko na na'ura, umarni ne kawai daga shugabannin sashen lafiya na runduna da wanda za a ɗora wa alhakin aika shi duk mako.